Jirgin Sekondi a Ɗakina: Yadda Ake Gina Ƙaramin Reluwe a Kuma Tuƙa Shi

Duk wanda ya taɓa ratsawa ta bayan babbar kasuwar Kumasi ya taka dogo, ko da bai lura ba. Yana nan kwance ƙarƙashin tiren masu tumatir da tarin gwanjo, ya yi tsatsa, ba jirgin da ke bi. A kan wannan dogon kakana ya ci abinci tun yana yaron wani falke, yana ɗaure huhun goro yana rakiyarsa zuwa bakin teku. Mu da muka tashi a unguwar Aboabo mun sha labarin har mun haddace: kukan jirgi da asuba, hayaƙin da ke baƙanta farar riga, da akawun tasha da ba ya karɓar gaisuwa sai ya gama rubutu. Ni mai gyaran fanka da rediyo ne. Shekaru bakwai ke nan ina gina ƙaramin samfurin tashar jirgin Kumasi a ɗakin da nake ajiye kayan aiki, kuma abin da na koya da kuɗina da ɓacin raina shi zan shimfiɗa a nan, don wanda zai fara ya huta da rabin wahalar.

Kada ka fara da sayen jirgi. Fara da zaɓen wuri ɗaya da shekara ɗaya.

Turawa sun soma shimfiɗa layin daga Sekondi, a bakin tekun Ghana, a 1898, saboda zinariya. Ya kai Tarkwa a 1901, ya kai Obuasi a 1902, jirgin farko ya shigo Kumasi a 1903, shekara uku kacal bayan yaƙin Yaa Asantewaa. Tsawonsa mil 168 ne, wajen kilomita 270. Da na fara, wai duka nake so in gina, da Tarkwa da Huni Valley da Dunkwa da Bekwai. Sai na ɗauki biro na yi lissafi, na ga cewa a ma'aunin da nake aiki da shi sai na sami ɗaki mai tsawon fiye da kilomita 4. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Na dawo na tsaya a kan wajen lodin kaya na tashar Kumasi, a shekarar 1928.

Dalilin 1928 shi ne a shekarar aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi, zamanin Gwamna Guggisberg ya riga ya kawo layin Accra har Kumasi tun 1923, koko yana tashe, goro kuma yana sauka ta jirgin ƙasa zuwa teku, ya hau jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can ya sake hawa dogo zuwa Kano. Tsohuwar hanyar Gwanja ta jakuna da ayari ta Salaga ta riga ta ja baya. Amfanin tsayar da shekara shi ne ita ke hana ka ɓarnar kuɗi. Kan jirgi mai shan dizal bai zo ƙasar nan ba sai bayan haka da shekaru masu yawa, saboda haka komai kyansa ba na saye. Reshen Dunkwa zuwa Awaso na 1944 ne, ba ruwana da taragun ma'adininsa. Manganis na Nsuta kuwa kudu yake yi zuwa teku, ba ya hawowa Kumasi, don haka shi ma ba shi da gurbi a tashata. Ka ga an rage maka kashi biyu cikin uku na abin da ido zai so.

Hotunan da za ka dogara da su suna nan. Mishan ɗin Basel sun ɗauki hotuna da yawa a ƙasar nan kuma an sa su a intanet, akwai kuma ofishin adana tsofaffin takardun gwamnati a nan Kumasi. Amma tsofaffin Zango sun fi hoto, domin hoto ba zai gaya maka ta wace ƙofa ake shigar da goro ba.

Sai maganar ma'auni, wadda a nan ne akasarin masu farawa ke faɗawa rami. Faɗin dogonmu ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067. Na Ingila da Amurka 1,435 ne, irin wanda aka yi sabon layin Tema zuwa Mpakadan da shi. Kayan ƙananan jirage da ake sayarwa kusan duk don wancan mai faɗin aka yi su. Mafi yawa a kasuwa shi ne wanda ake kira HO, inda aka rage komai sau 87, da ɗan'uwansa na Ingila OO, sau 76. Dukansu a kan dogo ɗaya suke gudu, mai faɗin milimita 16.5. In ka raba 1,067 da 87 za ka sami 12 da 'yan kai, ka ga dogon HO ya yi wa jirginmu faɗi, sai ya fito kamar yaro sanye da takalmin babansa. Akwai dogo mai milimita 12, amma samunsa a nan sai an sha wuya.

Dabarar da na ɗauka ta mutanen New Zealand ce, su ma faɗin dogonsu irin namu ne. Raba 1,067 da 64: za ka sami 16.7. Wato in ka rage komai sau 64, dogon HO da ke ko'ina ya zama daidai da namu, bambancin bai kai kaurin farce ba. Dogo da ƙafafu da injin sai ka saya na HO ko OO, gangar jiki da gine-gine da mutane kuwa ka ƙera su da hannunka a kan sau 64. Mita ɗaya ta zama milimita 15.6. Mutum mai matsakaicin tsawo milimita 27 ne, ƙofa mai mita 2 kuma 31. Rubuta waɗannan a jikin bango. 'Yan'uwa na Kano da Zariya da Kafanchan, tsohon dogonku ma 1,067 ne, wannan lissafin naku ne.

Ga wata garaɓasa: ƙananan motocin wasan yara na ƙarfe, irin su Matchbox da Hot Wheels da ake zubawa a kasuwar Kejetia, yawancinsu kusa da sau 64 suke. Fasalinsu na zamani ne, bai dace da 1928 ba, amma ina cire tayoyin in gina musu bodin katako.

Teburi ba sai ya zama teburi ba. Nawa kanta ce da ta bi bango biyu, ɗaya mita 3.6, ɗaya 2.4, faɗinta santimita 45, tsayinta daidai ƙirjina. Faɗin da ya wuce inda hannunka ke kaiwa azaba ne, ranar da tarago ya faɗi a can ƙurya za ka gane. Firam na katakon bishiyar da ake kira wawa ne, don ba shi da nauyi kuma yana karɓar sukuru, sama kuma filawud mai milimita 9. Ka je kasuwar katako ta Sokoban ka zaɓi busasshe da kanka. Na farko da na yi, wani mai katako ya rantse mini ya bushe, kafin hunturu ya wuce ya murɗe kamar kilishi, dogo ya tashi sama, na kwance komai. Yanzu ko wane katako na sayo sai ya yi wata ɗaya a jingine cikin ɗakin kafin zarto ya taɓa shi. Shafa masa maganin gara, ka yi masa fenti ciki da waje, ka kuma yi shi gunduwa-gunduwa, kowace kada ta wuce mita 1.2, a haɗa da noti. Gidan haya muke, ba a san gobe ba.

Dogo kuwa, nemi wanda ake kira nikel silba. Kada ka yarda da na ƙarfe komai arharsa. Damina biyu muke yi a Kumasi, laima ba ta barin ɗaki, na ƙarfen da na fara saya a hannun wani ɗan gwanjo bai ga ƙarshen watan Yuni ba. Kamfanin Peco na yin mai lanƙwasuwa, tsawon yadi ɗaya kowane sanda. Ni ɗan ƙanwata da ke Jamus, bogan gidanmu, kamar yadda muke kiran mai zama Turai, shi ke sako mini na hannu a cikin akwati in zai zo gida. Silifofin da ke jikinsa, wato 'yan gungumen da ƙarfen dogo ke kwance a kansu, sun yi kusa da juna a ma'auninmu, saboda haka ina juya shi in yanke robar da ta haɗa su ta ƙasa, in zare ɗaya cikin huɗu, in baje sauran. Aiki ne na haƙuri, amma shi ke sa dogon ya yi kama da na daji ba na birnin Landan ba.

Abu uku ne ke kayar da jirgi. Kwana mai tsanani: kada ka yi ƙasa da santimita 60 daga tsakiyar da'ira in kana da wuri, 45 ita ce iyakar talauci. Hawa mai tsayi: santimita 2 a kowace mita ya isa. Sai mahaɗa da ba ta zauna daidai ba, wadda yatsa ke ganewa kafin ido. Shafa ka ji, in ta kama fatarka za ta kama ƙafar tarago. Ka bar ɗan tsaga mai kaurin katin waya a kowace mahaɗa don zafin Fabrairu da Maris, ƙarfe yana miƙewa. Tunda jikin taragunmu ya fi na HO faɗi, tsakanin layi da layi ka bar milimita 60, in ba haka ba za su riƙa gogar juna.

Tsarin layukan tashar bai kamata ya yi yawa ba. Nawa babban layi ne, da layin zagaye wanda kan jirgi ke bi ya koma ɗaya gefen taragunsa, da 'yan rassa uku: na shagon koko, na goro da kayan 'yan kasuwa, da na gungumen katako. Mararraba biyar ke nan. Tsawon layin zagayen shi ke yanke tsawon jirginka, nawa yana ɗaukar tarago biyar. A kusurwar ɗakin na sa gadar kogin Offin, alhali kowa ya san tana can Dunkwa, tafiya mai nisa. Ƙarya ce, na sani, amma ina son gadar. Daga nan layin ya shige bayan kabad, inda akwai layuka uku tsirara ba ado. Wannan lungun shi ne Takoradi, shi ne Sekondi, shi ne duk duniyar da ba Kumasi ba.

Wuta ita ce sana'ata, amma a nan ma na yi abin kunya. Injin waɗannan jirage bolt 12 yake ci, wutar batir ba ta gida ba, ƙarfe ɗaya na dogo ya kai ta, ɗayan ya dawo da ita. Wata rana don gaggawa na jona cajar laftof mai bolt 19, kan jirgin ya zabura kamar an tsikari doki, ya yi wari, shi ke nan. Abin da nake amfani da shi yanzu batirin babur ne, saboda dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki, ba ya sallama kafin ya shigo. Tsakanin batir da dogo akwai abu uku: ɗan allon rage gudu irin wanda ake sa wa fankar batir, makunni mai ƙafa shida da ke juya wuta don gaba da baya, da ƙwan sigina na mota mai wat 21 a jere da waya ɗaya. Wannan ƙwan shi ne mai gadi. In tarago ya goce ya haɗa ƙarfen biyu, ƙwan zai kama ya shanye wutar, kai kuma ka ga haske ka san akwai matsala, ba abin da zai ƙone.

Kada ka dogara da 'yan maƙalan da ke haɗa dogo su kai maka wuta, suna saki. Ja waya biyu masu kauri a ƙarƙashin kanta, ja da baƙa, daga nan ka fito da siraran wayoyi ka liƙa da dalma a gefen waje na kowane sanda. A mararraba, wuta ta shiga ta gindi, wato ɓangaren da layi yake ɗaya kafin ya rabu.

Kan jirgi shi ne abu mai tsada, ɗaya ya ishe ka shekara biyu. Nemi na OO na hannu mai ƙananan ƙafafu, milimita 17 zuwa 19, irin na jan kaya. Injin da ƙafafun ka bar su yadda suke. Ɗakin direba da bututun hayaƙi su za ka cire ka gina manya da robar faranti ko gwangwani, domin mutum mai milimita 27 ya iya tsayawa a ciki. Ɗora hoton na gaske a gabanka, ka ƙirga ƙafafunsa, ka dubi fitilar goshi. Taragu sun fi sauƙi: kwali mai tauri ko siririn katako a kan ƙafafun HO. Ka sa wa kowanne noti a ciki har nauyinsu ya zo ɗaya, don mara nauyi a tsakiyar masu nauyi shi ke fara faɗuwa a kwana. Maƙalansu kuma su zama iri ɗaya, tsayi ɗaya.

Ado shi ne inda kuɗi ba ya aiki, ido ke aiki. Jar ƙasar Kumasi ba fentin da ya kama ta, saboda haka ita kanta nake ɗebowa. In tankaɗe da rariya, in soya a tsohon kasko don ƙwari su mutu, sannan in bi ta da mayen ƙarfe na tsohuwar sifika. Kada ka tsallake wannan, akwai garin ƙarfe a cikinta wanda injin zai zuƙa ya kashe kansa. Tsakuwar dogo yashi ne mai ɗan kauri, wankakke. Baje shi da busasshen buroshi, fesa ruwa, sannan ka ɗiga farin gam na kafintoci da aka sirka rabi da rabi da ruwa, da ɗigon sabulun wanke kwano don ya ratsa. Kada gam ya kusanci harshen mararraba.

Kurmi ba ya son tsari. Rimi na gaske in an rage shi sau 64 zai haura rabin mita, ya rufe komai, don haka nawa santimita 30 ne, na murɗa su da wayar tsohon kwayil ɗin fanka, ganyen kuma soson katifa ne da aka niƙa aka rina kore iri uku. Bishiyoyin koko gajeru ne a inuwar manya. Gashin kaza da aka rina yana ba da ganyen kwakwar manja. Kwanon rufi kuwa takardar alminiyam ce da nake dannawa a kan zaren dogon noti. Buhunan koko takardar shayin jaka ce cike da yashi, milimita 14. Huhun goro na fi ɓata wa lokaci, ina naɗe shi da zare yadda na ga kakana yana yi da igiya. Mutane waya ce da takardar shafe hannu da gam, kuma a nan mun ci riba, babbar riga ta fi kwat da wando sauƙin ƙerawa, ba sai ka yi ƙafafu ba. Ka cika wurin da 'yan dako. Kalmar kayayo da duk Ghana ke faɗa ai daga kayanmu ta samo tushe.

To, an gina. Saura tuƙi, wanda shi ne dalilin duk wahalar, kuma shi ne na daɗe ban gane ba. Shekara biyu ina kunna jirgi yana kai da kawowa ba dalili, har ya fara gundurata. Sai wata Lahadi wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya yi aikin reluwe har ya yi ritaya, ya leƙo. Ya tsaya ya yi shiru yana kallo, can ya ce, "Ɗana, wa ya ba direban nan izinin fita?"

Na ce, "Baba, ai wasa ne."

Ya ce, "Wasa ne ya sa ka ƙona kuɗinka haka? Layi ɗaya ne. Ina sandarsa?"

Shi ya koya mini ƙa'idar layi ɗaya da Ingilishi suka kawo: tsakanin tasha da tasha akwai sanda ko alama guda, direban da ba ta hannunsa ba ya motsawa, don haka jirgi biyu ba za su taɓa yin karo ba. Sandarmu tsohon makullin kwaɗo ne da ke rataye a ƙusa. Wanda ke Takoradi bayan kabad ba zai saki jirgi ba sai makullin na hannunsa, in ya iso ya miƙa wa na Kumasi. 'Yata ta aji shida ce ke riƙe da Takoradi, kuma ba ta da sassauci. Ko ni na manta sai ta ce, "Baba, ba ka da makulli," ta kashe wuta.

Kowane tarago yana da lamba da kati. A katin akwai aljihu, a ciki ake sa 'yar takarda mai faɗin abin da ya ɗauko da inda za a ajiye shi. Masu hawowa daga teku suna kawo gishiri, kananzir, siminti, kwanon rufi da atamfa. Masu sauka suna tafiya da koko, goro da katako. Kafin a fara sai a cakuɗa takardun a zaro biyar, su ne jirgin yau. Aikinka shi ne shantin: ka rarraba su kowanne a reshensa, ka tattaro waɗanda suka cika, ka jera, ka zagayo da kan jirgi gaba, duk ba tare da hannunka ya ɗaga tarago ba. Tarago biyar da rassa uku suna iya cin minti arba'in, musamman in wanda kake nema yana can ƙarshen reshe bayan wasu biyu. Muna bin kaka ma. Daga Oktoba zuwa farkon shekara takardun koko sun fi yawa, shagon ya cika ya batse. Goro kuwa dokar kakana ce ke aiki a kansa: ba ya jira, domin zafi na ɓata shi, in ya cika dole ya bi jirgin farko ko da za a sauke katako.

Gudu shi ne abin da baƙi ke ɓatawa. Kilomita 30 a awa, in an raba da 64, santimita 13 ne a daƙiƙa, wato mita ɗaya a daƙiƙa 8. Sa alama biyu a gefen kanta ka auna da agogon waya har hannunka ya saba. A cikin tasha rabin haka. Dattijon nan in ya ga an wuce ƙa'ida ba ya magana, tsaki kawai yake yi.

Kafin kowane zama ina goge saman dogo da tsumma da ɗan sifirit, ƙafafun kan jirgi kuma da auduga. Kada ka sa takardar yashi, tana barin zane inda datti zai zauna. Man keken ɗinki ɗigo ɗaya a bakin allura ya isa giya, wata uku-uku. Da hunturu ƙura na sauka kamar gari, saboda haka uwargida ta ba ni tsofaffin zannuwa biyu da nake rufe komai da su, bisa sharaɗin in dawo mata da rariyarta. Kyankyasai na son farin gam, tsaka kuma ta mai da shagon koko gidanta, na bar ta tunda tana rage sauro.

Muna farawa bayan La'asar ranar Lahadi. Jirgin ƙarshe yana barin Kumasi kafin kiran Magariba, ko an gama lodi ko ba a gama ba, abin da ya rage ya kwana a reshe sai mako mai zuwa. A yanzu haka akwai tarago mai lamba 14 cike da gishiri da ya yi sati biyu a layin katako, domin wanda ya ajiye shi a can ya ƙi amsa laifinsa, ni kuwa ba zan ɗaga shi da hannu ba.